Majalisar Dattawan Birtaniya: mene ne aikinta, kuma me ya hana a mayar da ita ta zaɓe?

Ɗalibin Shari'a, Kano

Assalamu alaikum, malamai da iyaye da yayyena na wannan zaure. Ina aji uku a sashen shari'a, kuma a wannan zangon muna nazarin tsarin mulkin Birtaniya, kasancewar daga can muka gaji yawancin ƙa'idojin majalisunmu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne majalisarsu ta sama, wadda suke kira House of Lords, kafafen labarai na Hausa kuma suke ce mata Majalisar Dattawan Birtaniya. Majalisa ce mai mutum wajen 800, wato ta fi Majalisar Wakilai mai kujeru 650 yawan jama'a, amma babu ko mutum ɗaya a cikinta da talakawa suka jefa wa ƙuri'a. Mafi yawansu firaminista ne ya sa aka naɗa su har iya rayuwa, 26 manyan limaman Cocin Ingila ne, a 2024 kuma akwai waɗanda suka shiga da sarautar da suka gada daga kakanni, waɗanda gwamnatin Labour ta kawo ƙudurin fitar da su a watan Satumba na 2024.

Tambayata ita ce: wace rawa wannan majalisa take takawa a zahiri, kuma shin tana da ikon hana dokar da zaɓaɓɓun wakilai suka amince da ita? Idan tana da wannan iko, da wane hurumi take amfani da shi? Idan kuma ba ta da shi, me ya sa ake ci gaba da riƙe ta? Na kuma ga cewa sun fi shekara ɗari suna maganar yi mata garambawul, amma har yau ba a kai ga zaɓe ba, kuma ina so in fahimci abin da yake kawo cikas. A ƙarshe, tunda a nan ma ana yawan kiran a ba sarakunan gargajiya gurbi a tsarin mulki, ko akwai darasin da ya shafe mu a ciki? Allah ya ƙara wa malamai sani.

Malamin Tarihi, Zariya

Wa alaikumus salam, ɗalibi. Amsar tambayarka ta farko ita ce, a yau majalisar ba ta iya kashe doka, iyakarta ta jinkirta ta, ta kuma nemi a sake dubawa. Amma ba haka aka faro ba, kuma ba za ka gane halin da ake ciki ba sai ka koma shekarar 1909. A wannan shekara ministan kuɗi David Lloyd George ya kawo kasafin da ya ɗora sabon haraji a kan manyan filaye da masu babban samu, domin a biya fanshon tsofaffi a kuma gina jiragen ruwan yaƙi. Dattawan majalisar, waɗanda da yawansu su ne masu filayen, suka yi watsi da kasafin a watan Nuwamba. Wannan ya jawo aka yi babban zaɓe har sau biyu a 1910, kuma firaminista Asquith ya samu alkawari daga Sarki George na Biyar cewa idan dattawan suka ci gaba da taurin kai, za a naɗa sababbin dattawa ɗaruruwa da za su rinjaye su a ƙuri'a. Da suka ga uwar bari sai suka amince da dokar majalisa ta 1911, wadda ta ce dokar kuɗi ba za su riƙe ta fiye da wata ɗaya ba, sauran dokoki kuma iyakarsu jinkirin kimanin shekara biyu. A 1949 gwamnatin Attlee ta rage wannan jinkiri zuwa kimanin shekara ɗaya. Ikon hanawa ƙwaya ɗaya mai muhimmanci da aka bar musu shi ne idan Majalisar Wakilai ta nemi ta tsawaita wa kanta wa'adi fiye da shekara biyar, to wannan ba zai yiwu ba sai da yardarsu.

Ina so ka lura da wani abu a gabatarwar dokar 1911 ɗin, domin malamai suna yawan tambaya a kai. A can aka rubuta cewa niyyar ita ce a maye gurbin majalisar da wata wadda za ta dogara ga jama'a maimakon gado, sai dai ba za a iya aiwatar da hakan nan take ba. Wato tun ranar farko dokar ta ɗauki kanta a matsayin matakin wucin gadi, kuma a kan wannan mataki ake tsaye har yanzu.

Bayan doka akwai al'ada, kuma a Birtaniya al'ada tana da nauyi kusan kamar doka. Lokacin da Labour ta ci zaɓe da gagarumin rinjaye a 1945, mutanenta 16 ne kacal a majalisar dattawa, a gaban ɗaruruwan 'yan Conservative. Shugabannin ɓangarorin biyu a majalisar suka fahimci juna cewa dattawa ba za su kayar da duk ƙudurin da jam'iyya mai mulki ta yi wa jama'a alkawarinsa a takardar manufofinta ta zaɓe ba. Wannan fahimta ita ake kira yarjejeniyar Salisbury. Saboda ita da wasu al'adu makamantanta, ba a cika kai wa ga amfani da ƙarfin doka a tsallake dattawa ba. Tun daga 1949 sau huɗu kawai aka yi haka: dokar masu laifukan yaƙi ta 1991, dokar zaɓen majalisar Turai ta 1999, wata dokar laifukan jima'i ta 2000, da dokar hana farauta da karnuka ta 2004.

Game da waɗanda suke zama a ciki kuwa, an yi ta sauyi kaɗan-kaɗan. Dokar 1958 ta ba da damar naɗa mutum dattijo na iya rayuwarsa ba tare da ɗansa ya gaje shi ba, kuma ta wannan ƙofa mata suka fara shiga. Dokar 1963 ta ba mai sarautar gado damar ajiye ta, kuma a shekarar Alec Douglas-Home ya ajiye tasa domin ya yi firaminista daga Majalisar Wakilai. Babban sauyi ya zo a 1999, lokacin da gwamnatin Tony Blair ta fitar da 'yan gado fiye da 600, yawan majalisar ya faɗo daga sama da 1,300 zuwa ƙasa da 700. An bar 92 a matsayin sasantawa, da sunan za su zauna ne kafin a zo mataki na biyu na gyara. A 2009 kuma aka raba majalisar da aikin shari'a, alƙalanta suka koma sabuwar Kotun Ƙoli.

To me ya hana zaɓe? A nawa karatun, dalilin yana cikin Majalisar Wakilai ne fiye da yadda yake cikin ta dattawa. A 1969 gwamnatin Harold Wilson ta janye ƙudurin gyara bayan Michael Foot, wanda yake so a rushe majalisar gaba ɗaya, da Enoch Powell, wanda yake so a bar ta yadda take, sun haɗa kai a Majalisar Wakilai sun hana shi motsi. A 2003 aka gabatar wa wakilai hanyoyi daban-daban, daga naɗi zalla zuwa zaɓe zalla, suka ƙi amincewa da ko ɗaya. A 2007 suka amince da a zaɓi kashi 80 cikin ɗari, suka kuma amince da a zaɓi duka, dattawa kuma suka ce naɗi zalla suke so, magana ta mutu a nan. A 2012 mataimakin firaminista Nick Clegg ya kawo ƙudurin majalisa mai mutum 450, kashi 80 cikin ɗari zaɓaɓɓu, kowa wa'adi ɗaya na shekara 15. Ya tsallake karatu na biyu da ƙuri'a 462 a kan 124, amma 'yan Conservative 91 suka bijire wa gwamnatinsu, aka kasa tsayar da jadawalin muhawara, aka janye shi. Ɗan Majalisar Wakilai ya san cewa dattijon da ba a zaɓa ba dole ya sunkuyar da kai a ƙarshe, amma wanda aka zaɓa zai ce shi ma jama'a ce ta turo shi. Ba sa so a yi musu kishiya, shi ya sa kowace gwamnati take alkawari lokacin da take adawa, ta yi sanyi bayan ta hau.

Yayarku a Ingila

Malam ya gama da tarihi, Allah ya saka masa da alheri. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na shekara goma sha a ƙasar nan, kuma abin da zan ƙara wa ƙanena shi ne abin da idona ya gani. Kowa yana iya shiga ya kalli zaman majalisar kyauta, saboda haka wata ranar hutu na bi layi, aka karɓi jakata da wayata, na hau bene na zauna a wurin baƙi. Kujerun duka jajaye ne, a can ƙurya ga gadon sarauta mai ruwan zinariya, a gabansa kuma shugaban majalisa yana zaune a kan wata ƙatuwar jar katifa da aka cika da gashin tumaki. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba shi yake ba da izinin magana ba, kuma ban ji ya tsawata wa kowa ba. Idan mutum biyu suka miƙe tare, ɗaya yakan koma ya zauna da kansa. A ranar mutanen da ke zauren ba su da yawa, kuma abin da ake yi shi ne bin wani ƙudurin kiwon lafiya sashe bayan sashe. Wata dattijuwa a keken guragu ta yi bayani a kan yadda kalma ɗaya a cikin wani sashe za ta shafi naƙasassun da ake kula da su a gida, wani tsohon likita ya goyi bayanta da abin da ya gani a asibiti, ministan kuma ya tashi ya ce zai koma ya duba ya dawo da gyara. Babu ihu, babu tafi. Na fita ina cewa a raina, wannan matar ta faɗi abin da muke fama da shi kullum a wurin aiki, kuma da zaɓe ake yi da wuya ta tsaya takara.

Wannan shi ne aikin majalisar na yau da kullum, wato tankaɗe da rairaya. A Majalisar Wakilai gwamnati tana ƙayyade lokacin muhawara, har wasu sassan doka su wuce ba wanda ya tattauna su. A ta dattawa kuwa duk gyaran da wani ya gabatar yana da damar a saurare shi. Ga shi kuma babu jam'iyyar da take da rinjaye ita kaɗai, domin akwai rukunin 'yan ba-ruwanmu masu yawa, waɗanda kujerunsu suke a tsakiya, kuma dole gwamnati ta gamsar da su da hujja. A cikin majalisar akwai irin su Tanni Grey-Thompson, wadda ta ci lambobin zinariya 11 a wasannin naƙasassu, da Doreen Lawrence, wadda aka kashe ɗanta Stephen a 1993 saboda launin fata ta kuma shafe shekaru tana neman haƙƙinsa, da Victor Adebowale, ɗan asalin Najeriya da aka naɗa a 2001 saboda aikinsa a kan marasa gida, da Alf Dubs, wanda aka kawo daga Prague yana ɗan shekara shida a 1939 ana gudun 'yan Nazi, kuma shi ne a 2016 ya matsa har gwamnati ta amince da karɓar yara 'yan gudun hijira da ba su tare da iyayensu.

Misalin da mu Musulmin ƙasar nan ba mu mantawa da shi shi ne na 2008. Gwamnatin Gordon Brown ta so a riƙa tsare wanda ake zargi da ta'addanci har kwana 42 ba tare da an tuhume shi ba, kuma Majalisar Wakilai ta amince da ƙyar. Dattawa suka yi watsi da shi da ƙuri'a 309 a kan 118, kuma cikin masu sukarsa har da Eliza Manningham-Buller, tsohuwar shugabar hukumar leƙen asirin cikin gida. Gwamnati ta haƙura ta janye. Amma kada ƙanena ya ɗauka kullum haka take ƙarewa. A 2024, kan dokar tura masu neman mafaka zuwa Ruwanda, an yi ta kai-komo tsakanin majalisun biyu, dattawa suna mayar da gyara wakilai suna cirewa, har a watan Afrilu dattawan suka sakar musu, dokar ta wuce. Ni dai ina ganin amfaninta, ko da yake ba zan iya kare kujerun limaman coci ɗaya tilo a ƙasa mai addinai da yawa ba, haka kuma ba zan kare waɗanda ake naɗawa su riƙe sunan sarautar ba tare da an ji muryarsu a zaure ba.

Ɗan Sawaba, Gusau

Hajiya, na ji bayaninki kuma ban musanta ko ɗaya daga cikin misalanki ba, amma ina roƙon ɗanmu ɗalibi ya dubi ɗaya fuskar kafin ya yanke hukunci. Kyawun halin wasu daga cikin 'yan majalisa ba ya wanke hanyar da ake shiga majalisar. Ku dubi 'yan gado 92 da Malam ya ambata. Tsarin da aka kafa a 1999 shi ne, idan ɗaya ya mutu sai a yi zaɓen cike gurbi, wanda masu sarautar gado ne kaɗai suke iya tsayawa. A 2016 aka yi irin wannan zaɓe na kujerar jam'iyyar Liberal Democrat, 'yan takara bakwai, masu jefa ƙuri'a uku, kuma wanda ya ci, John Thurso, ya samu kujerar yin doka ta iya rayuwa da ƙuri'a uku. Duk da haka ni a wurina 'yan gado ba su ne babbar matsalar ba, domin su kaɗan ne. Babbar matsalar ita ce hannun firaminista. Tun zamanin Lloyd George ake zargin sayar da sarauta, har aka yi dokar hana hakan a 1925. A 2000 aka kafa hukumar tantance waɗanda za a naɗa, amma shawara kawai take bayarwa, kuma a Disamba 2020 Boris Johnson ya zama firaminista na farko da ya tsallake shawararta, ya sa aka naɗa Peter Cruddas, tsohon ma'ajin jam'iyyarsa kuma mai ba ta gudummawar kuɗi. Liz Truss kwana 49 ta yi tana firaminista, amma ta samu damar sa mutum uku a majalisar. A 2023 Rishi Sunak ya sa aka naɗa tsohon firaminista David Cameron dattijo domin ya ba shi ministan harkokin waje, wato babban minista wanda zaɓaɓɓun wakilai ba za su iya tsayar da shi a zaurensu su yi masa tambayoyi ba. Kuma duk wanda ya halarci zama yana iya karɓar alawus, wanda a 2024 ya kai fam 361 a rana, ba a cire haraji.

Kan tambayarka ta ƙarshe, ɗana, ai mun taɓa gwadawa. Daga 1947 Jihar Arewa tana da Majalisar Sarakuna a Kaduna, tana zama a matsayin ta sama a kan Majalisar Wakilan jiha, kuma da ta Birtaniya aka kwaikwaye ta. Juyin mulkin Janairu 1966 ne ya kawo ƙarshenta. Majalisar Dattawan Tarayya ta Jamhuriya ta Farko ita ma ba talakawa ne suke zaɓenta kai tsaye ba. Mahaifina ɗan NEPU ne, kuma abin da yake yawan faɗa mana shi ne, a lokacin mutum ɗaya ne yake riƙe da kotu da 'yan doka da gidan yari a ƙasarsa, sannan ya tafi Kaduna ya zauna a kan dokar da za a yi wa talaka. Yau sarakuna ba su da wannan ƙarfi, kuma ina girmama rawar da suke takawa wajen sulhu da rigakafi da tsaro. Sai dai ku tuna wa yake naɗa sarki, wa kuma yake sauke shi. An sa Sarkin Kano Sanusi na Ɗaya ya yi murabus a 1963, an sauke Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996, an sauke Sarkin Gwandu Mustapha Jokolo a 2005, an sauke Sarkin Kano Sanusi na Biyu a 2020. Dattijon Birtaniya aƙalla idan an naɗa shi wanda ya naɗa shi ba ya iya cire shi, shi ya sa yake iya juya masa baya. Majalisar da gwamna zai iya sauke 'yanta da takarda ɗaya ba za ta iya ce masa a'a ba.

Ɗalibin Shari'a, Kano

Na gode ƙwarai, Malam, Hajiya da Baba. Yanzu na gane cewa raunin majalisar da amfaninta tushensu ɗaya ne. Amma akwai abin da bai warware mini ba. Idan zaɓe zai kawo ja-in-ja tsakanin majalisu biyu, naɗi kuma yana kawo alfarma da saka wa 'yan gaban goshi, ashe babu wata hanya ta uku? Kuma tunda ƙasashe da yawa, har da tamu, suna da majalisar dattawa ta zaɓe ba tare da sun rushe ba, ba za a ce tsoron da 'yan siyasar Birtaniya suke nunawa ya yi yawa ba?

Lauya, Kaduna

Ƙanena, tambayar da ka yi yanzu ita ce zuciyar maganar, kuma zan fara da kashinta na biyu. Kwatanta mu da su ba zai yi daidai ba, domin mu tsarin shugaban ƙasa muke bi. Shugaba yana da nasa wa'adin na shekara huɗu, kuma ko sanatoci 109 sun ƙi ƙudurinsa gwamnati ba ta faɗuwa. A tsarin firaminista kuwa gwamnati tana rayuwa ne da amincewar majalisar ƙasa, saboda haka idan aka samu majalisa ta biyu mai iƙirarin ita ma wakiliyar jama'a ce, sai a rasa wadda gwamnati za ta bi. Wannan ba hasashe ba ne. A Ostireliya, inda ake zaɓen majalisar dattawa, 'yan adawa sun riƙe kuɗin gudanar da gwamnati a 1975, rikicin ya kai ga Gwamna Janar John Kerr, wakilin Sarauniya a ƙasar, ya sallami firaminista Gough Whitlam a ranar 11 ga Nuwamba. To amma in faɗi gaskiya, Ostireliya ta ci gaba da zaɓen dattawanta har yau kuma ana mulki lafiya, wato abu ne da ake iya magancewa idan an rubuta iyakar ikon kowace majalisa a fili. Matsalar Birtaniya ita ce yawancin iyakokin nan al'ada ce ba rubutacciyar doka ba, kuma al'adar ta ginu ne a kan kunyar da dattawa suke ji ta cewa ba a zaɓe su ba. Ranar da aka cire wannan kunya, sai an zauna an rubuta komai daga farko, kuma wannan aiki ne babu gwamnatin da take son ɓata shekara biyu na wa'adinta a kansa.

Hanya ta uku kuwa akwai ta, har fiye da ɗaya. New Zealand ta rushe tata majalisar naɗaɗɗu a 1950, bayan gwamnati ta cika ta da mutanen da aka naɗa musamman domin su amince da rushewar. Ireland ta tambayi jama'arta a ƙuri'ar raba gardama ta 2013 ko a rushe majalisar dattawa, suka ce a bar ta, da ƙaramin rinjaye. Kanada ita ce ta fi kama da Birtaniya, domin har yau naɗa sanatocinta ake yi, amma kujerun 105 ne ƙayyadaddu, tun 1965 kowa yana ritaya a shekara 75, kuma daga 2016 aka kafa kwamiti mai zaman kansa da yake karɓar takardun masu nema ya ba firaminista sunaye. A Birtaniya kanta kwamitin da Lord Burns ya jagoranta ya ba da shawara a 2017 cewa a tsayar da yawan majalisar a 600, sababbin shiga su yi shekara 15 su sauka, kuma kafin a kai ga adadin, sai mutum biyu sun fita a naɗa ɗaya. Firaminista Theresa May ta yi ƙoƙarin kiyaye wannan, wanda ya gaje ta bai kiyaye ba, adadin ya sake hawa. A ƙarshen 2022 kwamitin Gordon Brown ya ba Labour shawarar a maye gurbin majalisar da zaɓaɓɓiyar majalisar ƙasashe da yankuna, wadda za ta wakilci Scotland da Wales da Ireland ta Arewa da yankunan Ingila. Amma da aka zo takardar manufofin zaɓen 2024, abin da aka sa a gaba shi ne fitar da 'yan gado, da ritaya a shekara 80, da sharaɗin halartar zama, maye gurbin kuma aka bar shi a matsayin buri na nan gaba.

Ni ra'ayina ya fi kusa da na Baba Ɗan Sawaba a kan inda ciwon yake, ko da yake ina tare da Hajiya cewa aikin tankaɗen doka yana buƙatar mutanen da ba sa tsoron zaɓe mai zuwa. Da za a tambaye ni abin da ya kamata a fara da shi, sai in ce a ƙayyade yawan kujeru a cikin doka, a sa wa'adi, a raba kujerun jam'iyyu gwargwadon ƙuri'un da suka samu a babban zaɓe, sannan a ba hukumar tantancewa ƙarfin doka ta yadda idan ta ƙi mutum ya ƙiyu. A halin yanzu hukumar ba doka ce ta kafa ta ba, kuma a kan waɗanda jam'iyyu suka kawo, abin da take dubawa shi ne ko akwai wani abin kunya a tarihin mutum, ba ko ya cancanta ba. Hatta adadin 'yan ba-ruwanmu da za ta zaɓo, firaminista ne yake faɗa mata.

Idan za ka rubuta wannan a jarrabawa, ka haɗa shi da labarin 1911 da Malam ya ba ka. Makamin da Asquith ya tsorata dattawa da shi a lokacin shi ne cewa babu dokar da ta iyakance yawan waɗanda sarki zai naɗa bisa shawarar firaminista. Duk gyare-gyaren da aka yi a 1949 da 1958 da 1999 sun taɓa ikon majalisar ko sun taɓa masu zama a cikinta, amma babu wanda ya taɓa wannan makami, kuma ƙudurin 2024 na fitar da 'yan gado shi ma bai taɓa shi ba.